Fiffiken da Ya Ƙi Karyewa

Zuwa ga Gwaggona abar ƙaunata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa tare da ladabi da biyayya, ina fata wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da Abban yara da duk mutanen gidan. Allah Ya ƙara miki lafiya da nisan kwana, Ya sassauta miki ciwon bayan nan da Mama ta ce yana hana ki doguwar tsayuwa a aji. Mu nan duk lafiya lau, sai godiyar Allah. Gwiwar Mama ta yi sauƙi tun da ta yarda tana shafa maganin da kika aiko. Kaka tana nan daram, kullum tana faɗa da rediyonta, wai mai karanta labarai yana sauri kamar an biyo shi. Baba aiki ya yi masa yawa a shago, an ba shi ƙyauren wata makaranta da tagoginta. Ni kuma mun shiga zangon ƙarshe, karatu yana tafiya daidai gwargwado.

Gwaggo, kin san halina. Ko a waya in kika ce a ba ni, daga lafiya lau sai to, sai in miƙa wa na kusa da ni. Shi ya sa na ɗauki biro, don takarda ba ta kallon mutum a ido. Ban taɓa yi miki musu ba, ban taɓa yi wa wani babba ba, amma yau zan yi, ki gafarce ni tun kafin in fara. Maganar Yaya ce. Ina tsakar gida ranar da kika kira kika ce ta bar karatun injiniyan jiragen sama ta taho wurinki, kin samo mata gurbi a makarantar jinyar da kike koyarwa, za ki turo mota ƙarshen wata. Baba ya ce to. Yaya ta ce to. Mama ta shiga kicin ta yi ta wanke tukunyar da ta riga ta wanke. Ni ba wanda ya tambaye ni, to ga amsata: ban yarda ba.

An gaya miki ta faɗi darasi ɗaya, ta rame, ta daina magana. Duk gaskiya ne. Abin da ba a gaya miki ba shi ne yadda ta faɗi, kuma ni ina wurin. Darasin na sanin ƙarfin jikin jirgi ne, wato yadda nauyi yake bin fiffike har ya isa gangar jiki, da inda ƙarfe yake jin ciwo. Ni ma na tsinci kaɗan, don ɗakinmu ɗaya kuma ba ta iya karatu sai da ɗan sauraro. Takan ɗauki rulata ta lanƙwasa, ta ce in lura, gefe ɗaya yana matsewa, ɗayan yana miƙewa, tsakiyar kuwa zaman banza take yi, shi ya sa ake huhhuda tsakiyar haƙarƙarin fiffike a zubar da ita. Ta taɓa sa ni na tsaya da ƙafa ɗaya a kan gwangwanin lemo, ya ɗauke ni bai ce uffan ba, sai ta ɗan taɓa gefensa da bakin fensir, nan take ya lotse na zube a ƙasa. Ta ce darasinsu ke nan gaba ɗaya, sauran duk lissafi ne. Ta ce kowa zai iya yin abin da ba ya karyewa, in ya samu ƙarfe isasshe. Aikinsu shi ne su yi abin da zai ɗauki kayansa, kuma ya iya tashi sama.

A ƙarshen zango aka ce kowane ɗalibi ya ƙera ƙaramin fiffike na alminiyam, tsawonsa kamar daga kafaɗata zuwa ƙasa. Sharaɗin shi ne ya ɗauki nauyin da aka ƙayyade da ƙarin rabinsa, sannan in an ci gaba da ɗora masa, ya karye ba da jimawa ba, a wurin da mai shi ya faɗa tun farko. Wanda nasa ya fi rashin nauyi shi ne gwani. Yaya ta yi ta lissafi har bangon ɗakinmu ya cika da takardu. Ta yanka, ta huda, ta goge bakin kowace huda da hannunta har yatsunta suka yi kanta. Da ta gama, ina iya ɗaga shi da yatsa biyu. Saura kawai a matse wasu ƙananan ƙusoshi, injin makaranta kuma layi ya yi masa yawa, sai ta kawo shi shagon Baba ana gobe gwaji.

Ke kika raini Baba, kin fi ni sanin hannunsa. Gadon da ya yi wa Kaka tun kafin a haife mu, har yau sai an taru ake matsar da shi. Da ya ga fiffiken sai ya danna shi da babban yatsa, ya ji ya lotsa ya dawo. Ya leƙa ciki ya ga hudoji. Ya ce wai wa ya taɓa ganin an huda abu don ya yi ƙarfi, kuma 'yarsa ba za ta ɗauki gwangwanin madara ta shiga gaban jama'a ba, alhali ubanta mai walda ne. Ya ce ta je gida ta huta, shi zai ƙarasa. Ya ajiye aikin mutane, ya yanko dogon ƙarfe irin wanda yake yi wa tagogi, ya zura shi ciki tun daga tushe har baki, ya kama shi da ƙusoshi, ya rufe hudojin tas. Aikin ya yi kyau, ba zan yi masa ƙarya ba. Da muka koma ɗauka, ya riga ya kira tela maƙwabcinsa yana nuna masa, fuskarsa kamar an yi masa albishir. Yaya ta ɗaga fiffiken, na ga hannunta ya yi ƙasa. Ta dubi Baba, ta dubi tela, sai ta ce an gode, Allah Ya saka da alheri. Ni ban fahimci komai ba a lokacin. Na ɗauka nauyin nan alheri ne.

Ranar gwajin muna hutu, sai na raka ta don in kama mata gefe ɗaya. Ɗakin gwajin babba ne, rufinsa can sama, akwai wani ginshiƙin ƙarfe da ake ɗaure tushen fiffike da noti, a kife shi, sannan a riƙa jera masa ƙananan jakunkunan yashi. Na farko ya sunkuya a hankali, ya yi ƙara, ya karye, sai na ga mai shi yana tsalle, abokansa suna dukan bayansa. Na ce a raina lallai wannan bai da hankali. Haka aka yi ta yi, kowa nasa ya karye ana shewa. Da aka zo kan na Yaya, aka ɗora nauyin da aka ƙayyade, ko gezau. Aka ƙara rabin, ko gezau. Aka yi ta ɗorawa har jakunkunan ɗakin suka ƙare. Gwaggo, sai na tafa. Ni kaɗai a ɗakin nan na tafa, da ƙarfi kuwa, har sai da na ji tafin yana dawowa daga bango. Wani dogon ɗalibi ya ce a kira malam ya hau shi ma, in bai isa ba a shigo da motarsa. Aka kwashe da dariya. Yaya tana tsaye tana kallon takalminta.

Malaminsu dattijo ne mai magana a hankali, bai yi dariya ba. Ya sa aka kwance fiffiken aka ɗora a sikeli, ya duba takardun lissafinta shafi bayan shafi, ya leƙa cikin fiffiken. Ya ce lissafin nan ba shi da aibi, amma takarda ta faɗi abu ɗaya, ƙarfe ya faɗi wani, to wanne ne nata? Ya ce wannan gada ce mai kyau, akuya da jaki duk za su haye lafiya, amma jirgin da aka sa wa irinta sai dai ya yi ta gudu a ƙasa har mai ya ƙare. Ya tambaye ta wa ya zura ƙarfen. Ta ce ita ce. Ya dube ta ya daɗe, sannan ya ce ranar da za ta tsaya a gaban jirgi na gaske, manya da yawa za su ce a ƙara nan, a rage can, in ba ta iya kare lissafinta ba, to lissafin bai amfani kowa ba. Ya ce ta dawo zango mai zuwa ta sake. Bai kore ta ba, Gwaggo. Gyara kayanka ai bai zama sauke mu raba ba.

Da muka koma gida ni ce na fara ba da labari, tun daga ƙofa na ce bai karye ba. Baba ya yi hamdala, ya ce ai ya faɗa. Sai da sakamako ya fito ya gane garin neman gira an rasa ido. Tun daga ranar ba ya haɗa ido da Yaya. Yakan fita tun kafin mu tashi, ya dawo ya ci abinci a ɗaki. Na ji yana gaya wa Mama wai karatun da ƙarfi ya zama laifi a cikinsa ba na gidanmu ba ne, hannunmu bai dace da shi ba. Ina roƙonki ki gane wannan: to ɗin da ya ce miki ba daga tunani ta fito ba, daga kunya ta fito. Yaya kuma ta ce to don kada Baba ya ƙara jin kunyar. Kowa yana tausayin kowa, ana ta tattara mata kaya a akwati. Ta cire takardun bango ta ɗaure su da zare. Na ce mata me ya sa ba ta gaya miki gaskiya ba, ta ce in bar maganar, ni yarinya ce.

Da na bari ɗin, ba don abin da na gani a shago ba. Mama ta aike ni wurin Baba bayan an tashi daga makaranta, ina zuwa na tarar an ɗora fiffiken a kan bulo biyu a bakin shago, tela da wani mai jiran ɗinki suna zaune a kai suna hira. Benci ya zama. Ban san lokacin da na ce su tashi ba. Tela ya waiga hagu da dama yana neman mai maganar, ya ce ikon Allah, ashe 'yar makarantar nan tana da murya, shi ya ɗauka hoto ce ake aikowa. Na sake cewa su tashi. Suka tashi. Baba ya kashe injin walda ya ɗaga gilashin fuskarsa. Na ce masa ina roƙonsa abu ɗaya, ya cire ƙarfen da ya sa, mu gwada fiffiken yadda Yaya ta yi shi, don an yanke mata hukunci a kan aikin da ba nata ba, kuma har yanzu ba wanda ya ga nata. Na jira ya daka mini tsawa. Sai ya juya ya ɗauko injin huda, ya ce in riƙe masa bakin.

Ranar da ba makaranta muka yi gwajin a tsakar gida. Baba ya ɗaure tushen fiffiken a jikin ƙarfen da ke ɗauke da tankin ruwa. Muka samo yashi wurin magina, muka auna a sikelinsa, muka ƙulla a leda. Yaya da farko ta ƙi fitowa, ta ce mu ƙyale ta da wasan yara. Kaka ce ta fito da ita. Ta sa aka kawo mata kujera, ta ɗaga murya ta ce wai ita ta zo kallon jirgi, kuma ba za ta tashi ba sai direba ya fito, ko da kuwa rana za ta gasa ta, a ɗora wa jikarta alhaki. Yaya ta fito tana ɗaure fuska. Amma da ta ga yadda na jera ledojin, sai ta kasa haƙuri, ta ce ba haka ake yi ba, nauyin ya fi yawa kusa da tushe, ta ƙwace ta shiga gyarawa. Baba ya ce to ta faɗa, ina zai karye? Ta sa yatsa a ƙasan fiffiken, kamar taƙi ɗaya daga tushe, ta ce nan zai naɗe, bayan ya ɗauki kayansa da rabi.

Muka fara ɗorawa. Bakin fiffiken ya riƙa yin ƙasa, yana yin ƙasa, Mama ta rufe baki da mayafi, Kaka tana cewa a sauke wa bawan Allah haka nan. Ya ɗauki nauyin da aka ƙayyade. Muka shiga ƙarin rabin. Ba mu kai ƙarshensa ba sai muka ji ƙas, ya naɗe, ledoji suka zube. Wurin da ta nuna ne, amma ya karye da wuri. Ba zan ɓoye miki ba, na ce a raina shi ke nan, na jawo mata faɗuwa ta biyu a gaban kowa. Sai ga Yaya ta durƙusa a cikin yashin tana leƙen karayar, idonta a buɗe kamar ta tsinci wani abu. Baba kuwa hannu ya saba, ya miƙa zai miƙar da wurin da ya lanƙwashe. Gwaggo, sai ta cafke wuyan hannunsa. Ta ce kada ya taɓa, da ƙarfi, har maƙwabciya ta leƙo ta katanga. Ta ce karayar nan ita ce amsar, in ya gyara ta ya goge mata karatu.

Ni dai na sa ido a ƙasa ina jiran abin da zai biyo baya. Kaka ce ta ce af, yau ɗan maƙeri ya gamu da maƙerin. Baba ya janye hannunsa, ya mai da su biyun baya kamar ɗalibi, ya ce to ta nuna masa. Ta nuna masa yadda naɗin ya faro daga bakin wata huda da ƙusarsa ta bari, ta ce hudar da aka yi a tsakiya hutu ce, wadda aka yi a gefe kuwa rauni ce, kuma laifinta ne da ba ta sa waɗannan a lissafi ba kafin ta buɗe baki. Ya ce in aka naɗe bakin hudar fa, kamar yadda yake yi wa kwano? Ta ce ana yi, amma ba a nan ba. Ya ce me ya sa. Suka yi ta musu, shi yana riƙe da rula, ita tana zane a yashi da tsinke, har Mama ta gaji da kiran a zo a ci abinci. Rabon da in ji muryar Yaya haka tun kafin gwajin. Da yamma ta kwance zaren takardunta.

To Gwaggo, wannan ce yarinyar da aka ce miki karatu ya fi ƙarfinta. Na san don ƙauna kika yi, kin ji ta rame kin kasa barci, kin je kin roƙi alfarmar da ba ki saba roƙo ba. Allah Ya saka miki. Aikin jinya aiki ne mai daraja, kuma da ta zo za ta yi shi, don Yaya ba ta iya yin abu rabi da rabi ba. Amma za ta yi shi ne da kai a sunkuye, duk ranar da jirgi ya wuce kuma ta ɗaga ido. Abin da ya kayar da ita ba rashin sani ba ne, rashin iya cewa a'a ne ga wanda take ƙauna. Ta koyi faɗa wa Baba. Ke ce ba ta iya ba tukuna, in kika kira gobe, na san to za ta sake ce miki. Shi ya sa na riga ta. Kada ki turo motar. Jiya na raka ta ta yi rajistar sake darasin, na tsaya a bakin ofishin har ta fito. In akwai fushi, ni za ki yi wa, ni na tayar da maganar, kuma ko an sake ba ni dama haka zan yi. Ki kira ni ki yi mini faɗa, zan saurara har ƙarshe, amma ba zan janye ba.

Ki gaishe mini da Abban yara, da babbar 'yarki da maigidanta, da 'yan biyu, ki ce musu ina nan ina ajiye musu littattafaina. Mama tana gaishe ki, ita ta ba ni ambulan ba ta tambayi abin da zan sa a ciki ba. Kaka ta ce a gaya miki rediyon da kika aiko ya fi tsohon surutu. Baba ya shigo yanzu ya same ni ina rubutu, ya ce wa nake rubuta wa. Na gaya masa, na kuma gaya masa abin da na ce miki, ban rage komai ba. Na miƙa masa takardar ya karanta, bai karɓa ba. Ya daɗe a tsaye a bakin ƙofa yana murza hularsa. Ya ce shi tun da yake bai taɓa mayar miki da magana ba. Sannan ya ce in sa gaisuwarsa, in kuma rubuta a ƙasa cewa ya gani, kuma da saninsa aka aiko.

Ga shi na rubuta. Allah Ya bar zumunci, Ya sada mu da alheri.

Taki mai biyayya a komai ban da wannan,
'yar ƙaninki, ƙanwar injiniya.